Kason jami'a a takardar neman tallafin bincike

Dakta, ka tambaya ko ya dace ka rubuta cewa jami'arku za ta ɗauki wani ɓangare na kuɗin binciken, alhali masu ba da tallafin ba su nema ba, don takardarka ta fi ta saura armashi. Ni dai shawarata, kada ka yi.

Fara karanta sanarwar tallafin a tsanake. In sun wajabta kason jami'ar, babu makawa. Hukumar UKRI mai ba da tallafin bincike a Birtaniya, alal misali, galibi kashi 80 cikin 100 na cikakken kuɗin aikin take biya, jami'a ta cike sauran. Wannan tsarinsu ne. Mai cizo shi ne wanda mutum ya ɗora wa kansa da bakinsa. A Amurka, NSF, hukumar gwamnati mai tallafa wa binciken kimiyya, ta hana irin wannan tayi tun 2011, kuma dokar tallafin gwamnatin tarayya, sashe na 200.306, ta ce ba a la'akari da shi wajen tantance takardu sai in sanarwar ta ambata. Ka ga ke nan a can ko maki ɗaya ba zai ƙara maka ba.

Ni na taɓa faɗawa ramin. Na rubuta cewa zan ba aikin kashi 20 na lokacina ba tare da an biya ni daga tallafin ba. A ganina ado ne kawai. Ashe da zarar lamba ta shiga takarda kuma aka amince, ta zama bashi. Sai da aka buɗe wa alkawarin asusu na daban, aka riƙa neman in sa hannu cewa lallai na ba da wannan lokacin. A shekara ta biyu aka ƙara mini darussa, lokacin ya gagara, masu binciken kuɗi suka ga giɓin. Sashenmu ne ya cike shi daga aljihunsa, shugaban sashen kuwa ya daɗe bai sakar mini fuska ba.

Idan wajibi ne, to kafin ka tura takarda ka karɓi amincewar wanda zai biya a rubuce, da adadi da asusun da kuɗin zai fito. “Ai za mu duba” ba amincewa ba ce. A dokar Amurka, kuɗin da ka lissafa wa wani tallafin gwamnati ba ya sake lissafuwa a nan, kuma galibi ba a cike kason da kuɗin wani tallafin gwamnatin. Kuɗin gudanarwa da jami'a ta yafe ma sai da izinin masu ba da tallafin yake shiga lissafi.

Goyon bayan jami'a kuwa ka nuna shi da bayani: akwai ɗakin gwaji, akwai na'ura kaza, akwai ma'aikacin da ke kula da ita. Kada dai ka sa farashi ko kaso a gefensu, har a wasiƙun goyon baya, don nan ne lambobi suka fi sulalewa su shiga.