Tambaya da Amsa: Hasumiyar Dutse ta Tanjabur

Tambaya: Na ga hoton wani tsohon haikalin Hindu a kudancin Indiya mai doguwar hasumiya, aka ce babu siminti a jikinsa. Yaya aka yi ya shekara dubu bai zube ba? Kuma me ya sa ɗakin tsakiyarsa ƙarami ne, ga duhu? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, haikalin Birhadishwara kake nufi, wanda ke garin Tanjabur a jihar Tamil Nadu. Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ne ya gina shi don bautar Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, aka kammala a 1010. Tsawon hasumiyar ya haura mita 60, kuma da dutsen garanait aka yi ta, dutsen da babu shi a kusa da garin, sai da aka ɗauko daga nesa.

Sirrin yana ga sassaƙa. An gyara kowane dutse har ya zauna daram a kan ɗan'uwansa, nauyi ne ke riƙe su. Cikin hasumiyar kuma fanko ne. Kowane layin dutse yana ɗan leƙowa ciki fiye da na ƙarƙashinsa, ana hawa ana tsukewa, har ɓangarori huɗu su kusa haɗewa a sama. Nan magini ke iya yin ɓarna: in dutse ya leƙo da yawa, gabansa ya rinjayi bayansa, sai ya kife. Shi ya sa ake danne bayan kowane dutse da na samansa. A ƙasa bango biyu ne, da lungu tsakaninsu, suka haɗe a sama suna ɗauke da nauyin. A wannan lungu aka gano zanen fenti na zamanin Chola a 1931, a ƙarƙashin wani zanen da aka shafa daga baya.

Batun ɗakin tsakiya, ba a gina shi don taron jama'a ba. Sunansa garbagiriha, wato ɗakin mahaifa, kuma a aƙidarsu mazaunin abin bauta ne. A ciki akwai linga, babbar alamar Shiba ta dutse. Limaman haikalin kaɗai ke shiga, suna wanke ta da ruwa da madara, suna haska ta da fitilar mai, masu ibada kuwa daga bakin ƙofa suke hangowa. Hasumiyar da ke bisa kanta tana wakiltar tsaunin da suka yi imani nan Shiba yake zaune.

Zancen da ake yaɗawa cewa hasumiyar ba ta da inuwa, ba gaskiya ba ne. Tana da ita kamar kowane gini.