Tambayi Likita: Tsohuwar Giyar Port da Lafiyar Masu Zaman Ɗanɗano

Wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna Turai suka zo. Hukuncin barasa a addini malamai ke da shi. Nawa shi ne in faɗi abin da take yi wa jiki.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina aiki a wani gidan ajiyar giya a Vila Nova de Gaia, tsallaken kogi daga birnin Porto na ƙasar Portugal. Baƙi kan zauna su ɗanɗana port ta shekaru daban-daban, su gwada ta 1977 da ta 1994 da ta 2011. Abokan aikina na cewa wadda ta tsufa ƙarfinta ya mutu. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba haka ba ne. Abin da shekaru ke canzawa shi ne launi da ƙamshi da ɗacin ɓawon inabi. Barasar da ke ciki tana nan yadda aka rufe ta. Port ba kamar sauran giyar inabi ba ce. A kwarin Douro, inda ake noman inabinta a Portugal, tun ruwan inabin bai gama tsami ba ake zuba masa wata barasa mai ƙarfin kashi 77 cikin ɗari, sai tsamin ya tsaya, zaƙi ya saura. Shi ya sa take kaiwa kashi 19 zuwa 22, alhali giyar inabi ta yau da kullum ba ta cika wuce 14 ba. Zaƙin nan ne ke yaudarar harshe.

Yi lissafi. Mililita 50 na port ma'auni ɗaya ne na barasa a ƙidayar Birtaniya, kuma hanta kan ɗauki kusan awa guda kafin ta sarrafa shi. Wanda ya shanye kofi 8 a zama ɗaya ya ci fiye da rabin ma'auni 14 da likitocin Birtaniya suka ce kada a wuce a mako. Masu sana'ar ɗanɗano suna furzarwa ne, ko da yake ɗan kaɗan kan wuce ta maƙogwaro. Don Allah, baƙon da ka ga yana haɗiyewa, ka nema masa tasi, kada ya kama sitiyari.

Tambaya: Likita, ina kula da wani dattijo Bature a gidansa a Ingila. Yana da ciwon suga da ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gaut, amma duk wata sai abokansa sun taru sun buɗe tsofaffin kwalabe. Me zan lura da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da wannan kulawa. Wannan tambayar ce ta fi damuna. Lita ɗaya ta port na ɗauke da suga kimanin giram 100, don haka da farko sugansa zai hau. Hatsarin yana zuwa daga baya. Muddin hanta na fama da barasa, ba ta samar wa jini suga yadda ta saba, kuma idan yana allurar insulin ko yana shan ƙwayar suga ta glibenclamide, suga na iya faɗuwa cikin dare. Alamun kuwa, gumi da karkarwa da maganar da ba ta fita daidai, sun yi kama da maye, sai a ce a bar shi ya yi barci. Kada ki yarda da wannan. Ki gwada jininsa kafin ya kwanta, ki tabbata ya ci abinci tare da abin da ya sha, ki ajiye wani abu mai zaƙi kusa da gadonsa.

Gaut kuma barasa na hana ƙoda fitar da sinadarin yurik asid, ya taru a gaɓa, yawanci babban yatsan ƙafa. A da likitocin Ingila sun ɗauka port magani ce: an ɗora William Pitt ƙarami a kanta tun yana saurayi, ya zama firaministan Birtaniya, ya rasu a 1806 yana da shekara 46. Ki rubuta ranar kowane zama da ranar da ƙafar ta tashi, ki nuna wa likitansa. Idan aka ba shi Flagyl, babu ko kurɓi har sai ya gama maganin da aƙalla kwana 2.

Tambaya: A otal ɗinmu muna juye port a tulun kiristal. Baƙin abin da ke kwance a gindin kwalba guba ne?

Amsa: A'a, Malam. Irin wannan port ba a tace ta kafin a rufe, shi ne launi da ɓawo ke kwantawa da shekaru. Tulun ne abin dubawa. Tsohon kiristal na ɗauke da dalma, kuma wani bincike a Jami'ar Columbia a 1991 ya nuna port da ta yi wata 4 a cikinsa ta jiƙo dalma ninki da yawa. Mun ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Awa kaɗan a tebur ba ajiya ba ce, amma abin da ya ragu kada ya kwana a ciki.

Tambaya: An ce jar giya na gyara zuciya. Ina da ciwon hanta nau'in B, ko ɗan kaɗan zai amfane ni?

Amsa: Ko kusa. Tun 1988 aka sa barasa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da ba shi da illa. Mai ciwonka, barasa na gaggauta masa ƙanƙancewar hanta. Idan aiki ya kai ka irin wannan zama, ka riƙe kofin ruwa, kuma ka ci gaba da zuwa gwajin hantarka duk wata 6 ko yadda likitanka ya tsara.