Azumi da sallar wanda aka yi wa tiyatar ƙwannafi

Tambaya: Allah gafarta Malam, Babanmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ƙwannafi ya daɗe yana wahalar da shi, har aka yi masa tiyata a Kano kwana goma da suka wuce. Ga azumi ya ƙarato, ya ce ba zai sha ko ɗaya ba, kuma ya nace sai ya kai goshinsa ƙasa a sujada duk da ciwo. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri, ɗana.

A wannan tiyata ana naɗe saman tumbi ne a ƙarshen bututun abinci, a ɗinke, don ruwan ciki mai tsami ya daina tasowa. Wurin yakan kumbura, hanyar ta ƙuntata na wasu makonni. Shi ya sa likitoci ke cewa a fara da abu mai ruwa, kamar koko ko kunun da aka tace, daga baya a koma ga mai laushi, ana ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini. Mai azumi kuwa galibi ci biyu ke gare shi, sahur da buɗa-baki, kuma da yunwa yake zuwa musu. In ya cika cikinsa a lokaci ɗaya, abincin ya tsaya masa a ƙirji, sai yunƙurin amai ya taso, wanda zai iya kwance ɗinkin ko ya gusar da naɗin daga wurinsa.

Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a aya ta 185 ta Suratul Baƙara: ya sha, ya rama a wasu kwanaki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ce tsoron ƙaruwar cuta ko jinkirin warkewa ya isa ya halatta sha, in kuma ana tsoron cutarwa mai tsanani, shan ya zama wajibi. Don haka Baba ya sha har likitan da ya yi aikin ya ba shi izini. Ramuwa kawai ke kansa, babu kaffara, ya rama kafin wani azumin ya zagayo.

Game da salla, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya wadatar: a yi a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe. Muddin sunkuyawa na ja masa ɗinki, ya yi nunin ruku'u daga tsaye, nunin sujada daga zaune. Sallarsa ta cika. Wankan wajibi in ya kama, ya shafi bandejin da jiƙaƙƙen hannu, in ruwa zai cutar ya yi taimama.

Abin da na fi ji masa tsoro shi ne aikin gida da gona. Kada ya ja guga, kada ya ɗaga jarka ko buhu, kada ya kama garma har kusan mako 6. Ku nisanta masa lemon kwalba, domin gyatsa tana wuya bayan aikin, iska sai ta kumbura ciki. Tsire, kilishi, gurasa da burodi su ma a dakata. Ya zauna a miƙe in zai ci, kada ya kwanta nan take bayan ya gama.

In kuka ga zazzaɓi, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko ruwa ma ya ƙi wucewa, ko mugunya a bakin ciwon, ku mayar da shi asibiti a ranar, kada a tsaya gwada jiƙo.

Wallahu a'alam.