Fim ɗin soyayyar Turawan da: hukuncin mai kallo, mai yabo da mai tsinuwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Kwanan baya yarona na shago ya karɓo wani fim wajen masu turi a kan dala ashirin, na soyayyar 'ya'yan sarautar Turawan da, zamanin keken doki da kyandir. Ɗinkin rigunan matan ne ya fara jan hankalina, sai dai a ciki akwai wuraren da ake nuna tsiraici da kwanciyar mace da namiji ƙarara. Yanzu a fadarmu ba a sauke butar shayi sai an yi gardamarsa. Wasu sun ce tarihi ne da gwaninta, mai ƙazamar zuciya ne ke ganin batsa. Wasu sun ce in an zo wurin batsar, tura shi gaba suke yi. Wani abokinmu kuwa tsine masa yake, har ya yanko wurin da ya fi muni yana nuna wa mutane don su ga lalacewar zamani. Ni na kalla har ƙarshe, na yaba shi a fada, mutum biyu suka karɓa daga wayata. Ga shi kuma wata mai kawo mini ɗinki ta zo da hoton riga daga cikinsa tana son irinta. Malam, ina matsayina, kuma wa ke da gaskiya a cikinmu?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka sa kanka a cikin tambayar, don yawancin masu kawo mini irinta cewa suke yi "wani abokina ne".

A kan siffar da ka bayar nake amsawa: kallon wannan fim haramun ne. A Suratun Nur, aya ta 30, Allah ya ce a gaya wa muminai maza su runtse ganinsu su tsare farjinsu, aya ta 31 ta maimaita wa mata. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana namiji kallon al'aurar namiji, ya hana mace kallon ta mace. To ina ga namiji ya gyara zama ya zuba wa ta mace ido? Duk wanda ya biya Ahalari a zauren malami a garin nan ya wuce wurin da aka ce wajibi ne baligi ya tsare ganinsa daga haram, tun kafin a kai babin tsarki.

Kada a ɗauka soyayyar ce laifin. Buhari ya kawo labarin Mugisu yana bin Barira a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, Annabi bai tsawata masa ba, har ma ya nema masa alfarma a wurinta. Suratu Yusuf ta ba da labarin matar da ta kulle ƙofofi ta ce ya taho, a aya ta 23, ta wuce ba tare da ta siffanta gaɓa ɗaya ta jikinta ba. An ba da labarin, an ɗauki darasi, ba a buɗe wa kowa labule ba.

Masu cewa tarihi ne, keken doki da doguwar riga ba sa canza hukuncin abin da ake gani bayan an tuɓe rigar. Wadda ke cikin hoton ba matar shekara ɗari biyu da suka wuce ba ce, 'yar wani ce da ke raye, ta tuɓe a gaban kyamara a biya ta. Ka tambayi mai son tarihin nan na fadarku waye Ɗan Kasawa, ko me ya sa aka taso da garin nan daga bakin gulbi bayan ambaliyar 1945, ka ji ko zai amsa. Wani ɗalibi zai iya cewa ai wasu malaman Shafi'iyya sun ce ganin surar mace a madubi ba ganin ta ba ne, don haka ganin ta a fim ma haka yake. Gaskiya ne an faɗa, amma Ibnu Hajar Alhaitami da ya kawo maganar ya gindaya sharaɗin babu sha'awa, babu tsoron fitina. Wurin da aka shirya shi takanas don tayar da sha'awa ta ina zai cika wannan sharaɗi?

Masu turawa gaba sun fi na farko kunya, amma hujjarsu ba ta tsaya ba. Ta yaya mutum ya san an zo wurin in bai gani ba? Rangwamen da aka yi na kallon ba-zata ne. Jarir ɗan Abdullahi ya tambayi Annabi a kansa, ya umarce shi ya kau da ido, kuma mai Risala ya ce babu laifi a kallon farko in ba da gangan ba. Wanda aka gaya wa abin da ke ciki, ya biya kuɗinsa ya karɓa, ba zai ce ba-zata ba. Allah a Suratul Isra'i, aya ta 32, cewa ya yi kada ku kusanci zina, kuma a kan irin wannan ne mazhabarmu ta Malikiyya ta gina ƙa'idar toshe kafa. Da za a sami labari mai tsabta wanda aka cire masa ɓarnar ɗungurungum, hukunci sai ya bi abin da ya rage. Irin wanda ka siffanta kuwa, duk satar kallo da raɗe-raɗin da aka yi awa guda ana yi share fage ne na wurin da suke cewa suna tsallakewa.

Inda na fi jin tsoro shi ne abin da ake yi da baki bayan an kashe waya. Wanda ya kalla a ɗakinsa ya yi shiru, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma yana cikin sutura. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa duk al'umma ana yi mata afuwa sai masu bayyanawa, aka misalta da mutumin da ya yi saɓo da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya ce wane, jiya na yi kaza. Wannan fa shi ne hirar fada. Sannan yabo talla ne. Mutum biyun da suka karɓa daga wayarka bakinka ne ya kai su, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi, ba tare da an rage musu komai ba. Har siffantawa an hana: a hadisin Ibnu Mas'ud, an hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallon ta. To yaya majalisar samari da ake ƙididdige jikin 'yar fim ana shewa?

Abokinku mai tsinuwa, niyyarsa na iya zama kyakkyawa, aikinsa kuwa ya fi na mai turi muni. Mai turi ya ba da fim na awa biyu, shi ya zauna ya tace, ya fito da zallar dattin, yana rabawa kyauta. Wani ya taɓa miƙo mini waya a ƙofar masallaci bayan Isha'i yana cewa, "Malam, dubi abin da yaranmu ke kallo." Kafin in ture hannunsa, almajirai uku da ke bayana sun leƙa. Abokin naku ya kamata ya ji tsoron aya ta 19 ta Suratun Nur, wadda ta yi narko ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Gargaɗi kalma biyu ce: akwai tsiraici, ku guje shi. Kuma ya kama bakinsa daga kiran masu kallo mazinata. Hadisi ya ce zinar ido kallo ne, farji ke gaskatawa ko ƙaryatawa, ita ba zinar haddi ba ce, kuma jifan kamammen Musulmi da zina ƙazafi ne mai bulala 80.

Kai kuma, babu kaffara a kanka, tuba ce, da sharuɗɗan nan uku na Ahalari: nadama, niyyar rashin komawa, da bari nan take. Ka goge shi daga wayarka da ta yaronka, wanda amana ne iyayensa suka damƙa maka. Ka sami mutum biyun nan ka ce su goge. Tun da a fada ka yaba, a fada za ka janye, cikin magana ɗaya, ban da sake ba da labarin.

Rigar kuwa, asalin ɗinki halal ne, kuma salo ba ya haramta don an gan shi a jikin Baturiya. Ka zana fasalin a takarda, ka bar hoton a wayar mai shi. In mai buɗaɗɗen ƙirji ce, kuma ta gaya maka ta shiga biki ce inda maza suke, ka ce za ka ɗaga wuyan ka sa mata shafi, in ta ƙi ka mayar mata da yadinta. In ta zaman gida ce don mijinta, ka ɗinka ka karɓi kuɗinka. Awo kuma mace ta auna ta, ko ta kawo tsohuwar rigarta.

Allah ne mafi sani.