Amsa ga mai tambaya kan tarin Mma da tabon huhu

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mma lafiya. Kin ce ta daɗe da ciwon gaɓɓai, yanzu ga busasshen tari da haki, likita ya ce huhunta ya yi tabo, kina tambaya ko tibi ne kuma ko ana warkewa. Ni ma da shi nake zaune nan Aboabo a Kumasi.

In dai likita ya yi gwaje-gwaje ya tabbatar ba tibi ba ne, to don Allah kar ku ware mata kwano da kofi, ba a ɗaukar wannan ciwon. Garkuwar jikinta ce da ke cin gaɓɓan ta juyo kan huhu, sai ya kumbura, daga baya ya yi tauri kamar fatar da ta sha rana, iska ta shiga amma oksijin ba ya wucewa cikin jini yadda ya kamata. Ni sai da aka ɗora ni kan maganin tibi na wata 6 a wani ƙaramin asibiti, tari na nan daram, saboda hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna abin sosai, sai sikan ɗin da suke kira HRCT.

Abin da mutanen gida ba sa son ji, tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa. Aikin magani shi ne ya kwantar da kumburin ya tsare sauran huhun, shi ya sa za ki ga ta sha wata biyu uku ta ce ita ba ta ga canji ba gara a koma na gargajiya, to nan ne za ki tsaya tsayin daka, domin ba da yadda take ji ake auna shi ba, da gwajin busa ake aunawa, wanda ake matse maki hanci ki kama bututu da baki ki ja numfashi ki fesar har idonki ya kawo ruwa ma'aikaciyar na ce maki ƙara, ƙara. Lambar FVC da ke fitowa, wato yawan iskar da ta iya fesarwa, ki riƙa rubuta ta a littafi duk zuwa. In ta tsaya inda take, wallahi nasara ce.

Ki nemi likitan gaɓɓai da na huhu su gan ta duka, a Accra kuna da asibitin Korle Bu, mu nan asibitin Komfo Anokye. Ni mycophenolate nake sha da ɗan prednisolone, wasu rituximab ake ƙara masu, akwai kuma nintedanib mai rage gudun tabon sai dai ga tsada, yana kuma sa gudawa. Prednisolone ba a yanke shi dare ɗaya ko da fuska ta kumbura ana mata surutu a gidan biki. Ki tambaya tun wuri abin da katin inshorar lafiya na NHIS ya ɗauka da wanda za ku biya, ku san inda kuka dosa.

Sai hayaƙi. Waakye, wato shinkafa da wake, nake sayarwa a da, barin gindin murhun gawayi ya fi min shan magani wuya, yanzu 'yata ke dafawa ni ina can gefe ina karɓar kuɗi. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk na sallame su. Hunturu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ba na shiga motar haya ta trotro ba takunkumi, kasuwar Kejetia ma sai dole. Amma kar ku kwantar da ita, ta riƙa ɗan tafiya kullum tana hutawa, kwanciya na ƙara haki. Sallah a kujera nake yi ranar da sujada ta gagara.

Ki saya mata ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin na jini, ta gwada a zaune ta kuma gwada bayan tafiya, in yana sauka ƙasa da 90 ki gaya wa likita, amma ta murza yatsan ya yi ɗumi tukuna don yatsa mai sanyi ƙarya yake bayarwa. Ki kuma tambaye shi rigakafin mura da na nimoniya. Zazzaɓi ko hakin da ya ƙaru cikin kwana ɗaya biyu kar ku ce maleriya ce ku tsaya kemis, magungunan nan na rage garkuwa, ku ɗauki littafin nan da kwalayen maganinta ku wuce asibiti ko da tsakar dare ne.