Tambaya da Amsa: Fayil daga Windows zuwa Ubuntu, sai da data?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a yankin Ɓaɓura, na sa Ubuntu (wani tsarin kwamfuta ne kamar Windows) a cikin VirtualBox (manhajar da ke kunna wani tsari a cikin wani) a laftof ɗina mai Windows 10, to duk fayil ɗin da nake so ya shiga Ubuntu sai na tura wa kaina ta imel sannan in sauke a can, ga sabis ɗinmu sai ka fita bakin titi, data kuma tana ta ƙarewa. Dan Allah babu wata hanya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi sai da na yi dariya, wannan ai kamar gidanku ɗaya da mutum amma in za ka ba shi goro sai ka ba direban Kano ya kai ya dawo da shi. Windows ɗinka shi ne mai gida, Ubuntu baƙo ne da aka ba shi ɗaki aka rufe, taga kawai za a fasa tsakaninsu, ba ruwanta da sabis.

Kafin tagar ta buɗu sai ka sa Guest Additions, wato ƙarin manhajar da ke haɗa baƙon da mai gida. Ka kunna Ubuntu, a saman VirtualBox ka danna Devices, sai Insert Guest Additions CD image, dama tare suke zuwa da VirtualBox ɗin ba sai ka sauke ba. Wani lokaci Ubuntu kan yi gardama ya ce sai an sa masa wasu manhajoji, gcc da make da perl, to wannan ɗin kam zai ci 'yar data, ka bari sai ranar da ka shiga gari ka yi sau ɗaya an gama.

Sannan a Windows ka buɗe sabuwar folda, misali ka sa mata suna aiki. Ka shiga Settings na injin, wato Ubuntu ɗin da ke cikin VirtualBox, Shared Folders, ka zaɓe ta ka yi wa Auto-mount alama, in injin a kunne yake ka haɗa da Make Permanent don kar ta ɓace gobe. A Ubuntu za ka same ta a /media/sf_aiki.

To ga inda yawancin mutane ke maƙalewa, za ka ga foldar ƙiri-ƙiri amma in ka danna sai ta ce ba ka da izini, sai mutum ya ɗauka komai ya lalace ya goge ya faro daga farko, alhali 'yan rukunin vboxsf kaɗai ake bari su shiga kai kuma ba a rubuta sunanka ba. Ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Ubuntu, ka rubuta:

sudo usermod -aG vboxsf $USER

Ka kashe Ubuntu ka sake kunnawa, shikenan.

Akwai kuma jan fayil da maus daga nan zuwa can, ni dai ban cika dogara da shi ba, yau ya yi gobe ya ƙi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka, kar ka raba C:, wato babban faifan Windows, gaba ɗaya don ganin sauƙi. Foldar nan ba kwafi ba ce, ita ce dai ta Windows ɗin, abin da ka goge daga Ubuntu ya tafi a can ma, ba lallai ka tarar da shi a Recycle Bin ba, kuma snapshot, wato ajiyar yanayin Ubuntu da VirtualBox ke yi don a iya komawa baya, ba ya dawo da shi tunda ba a faifan baƙon yake ba. Hotunan biki da takardun makaranta ka bar su nesa da wannan folda.