Tambaya da Amsa: Ƙwaurin 'Yan Damben Tailan, Asiri Ne Ko Horo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zariya, shekaruna 23, da yamma kuma nakan je wajen ɗaga ƙarfe. Kwanan nan na kamu da kallon damben Tailan, wato Muay Thai, a YouTube. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne mutanen nan ƙanana ne, wasu ko kilo 60 ba su kai ba, amma shuri ɗaya sai ka ga ƙato a ƙasa. Wani abokina ya ce asiri ne, wani ya ce kwalba suke murzawa a ƙwauri har ya daina jin zafi. Na fara murza kwalbar, ƙafata duk ta kumbura. Sannan akwai wani a unguwarmu da ya ce ya yi wasan a ƙasar waje, yana so mu riƙa biyan shi ya koya mana. Shin duk wanda ya iya dambe ya iya koyarwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwalbar nan ka ajiye ta tun yau, don Allah. Ba abin da za ta ba ka sai kumburi da taruwar jini, kai kuma da ƙafar nan kake taka keken ɗinki. Ƙashi yana ƙara kauri ne idan ana ɗora masa nauyi da bugu kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru, ana kuma barin sa ya huta. Ƙwaurin da kake gani a bidiyo, buhun fata mai nauyi ne ya gina shi, shuri bayan shuri, safe da yamma, tun mai shi yana yaro.

Yawancin manyan 'yan wasan daga Isan suka fito, yankin arewa maso gabashin ƙasar, na manoman shinkafa masu ƙaramin ƙarfi. Yaro ɗan shekara 7 ko 8 yakan fara shiga fage a bikin ƙauye don ya kawo wa gida 'yan kuɗi. In an ga yana da hannu sai ya koma sansanin horo, can zai ci, can zai kwana. Da asuba gudu ne na wajen kilomita 10, sai tsallen igiya, sai dukan buhu, sai aiki da malami. Da la'asar a sake, a ƙara da riƙon wuya, inda mutum biyu za su sarƙe suna finciko juna suna kai gwiwa har kusan rabin awa. Kwana 6 a mako haka ake yi. Kafin ya kai shekarunka, wani ya yi karawa sama da 100. Buakaw, wanda na tabbata ka ci karo da bidiyonsa, ɗan lardin Surin ne, an haife shi a 1982, yana ɗan shekara 8 ya fara, kuma ya ɗauki kambun K-1 World MAX, wata babbar gasar damben hannu da ƙafa a Japan, sau biyu, a 2004 da 2006. Zancen asiri kuwa, gaskiya ne suna ɗaura wani zare a ka da wani a damtse, suna kuma rawar girmama malami kafin wasa, abin da ya shafi al'adarsu da addininsu. To amma wanda ya sha kaye ma da nasa zaren ya shigo fage.

Ƙarfin shurin daga ƙugu yake tasowa. Ɗan wasa yakan juya a kan gaban tafin ƙafar da ya tsaya da ita, ƙugu ya juyo, kafaɗa ta biyo, ƙafar dukan kuma a sake take zuwa kamar an wurga taɓarya. Nauyin jiki gaba ɗaya ke sauka ta ƙwauri. Shi ya sa mai kilo 58 da ya iya juyi yakan fi mai kilo 90 da ya ƙame jiki illa. Ɗaga ƙarfenka zai amfane ka, amma ba shi zai koya maka wannan juyin ba.

Ka nemi karawar Changpuek Kiatsongrit da Rick Roufus ta 1988 a Las Vegas. Roufus zakaran Amurka ne a lokacin, a turmin farko ya kai Changpuek ƙasa sau biyu, ya karya masa muƙamuƙi. Mutumin Tailan ya tashi ya ci gaba da abu ɗaya tak: sarar cinya da ƙwauri. Roufus bai san yadda ake tare wannan shurin ba, har ƙafafunsa suka ƙi ɗaukar sa, aka fitar da shi a kwance. Ƙanensa Duke daga baya ya rungumi salon ya zama sanannen mai horarwa. Ina son wannan wasan ƙwarai, domin yana nuna juriya da sanin inda ake bugu a wuri ɗaya.

Tambayarka ta biyu ta fi ta farko muhimmanci a wajena, tunda kuɗinka da lafiyar kanka ke ciki. Iya dambe daban, iya koyarwa daban, kuma su kansu mutanen Tailan sun san haka. Ɗaya daga cikin malaman da suka fi girmamawa a wannan zamanin shi ne Yodtong Senanan, mai sansanin Sityodtong a Pattaya, wanda ya rasu a 2013. Ɗalibansa ne suka ɗaga sunansa. A hannunsa Samart Payakaroon ya tashi, wanda ya ci kambun filin Lumpinee na Bankok a ajin nauyi huɗu, sannan ya koma damben Turawa ya karɓe kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a 1986. Zakara sau da yawa jikinsa ya san abu amma bakinsa ba zai iya fayyace maka shi ba, domin tun yana yaro ya shige shi. Malami kuwa aikinsa ido ne: ya hango cewa dunduniyarka ba ta juya ba, ko hannunka na faɗuwa duk sanda ka kai shuri.

A sansanin Tailan, ainihin karatun yana hannun mai riƙon katifa, wato 'yan katifun fatar nan da ake ɗaurawa a hannu ɗalibi yana duka. Galibi tsohon ɗan wasa ne. Yana matso ka, yana ja da baya, yana kai maka hari ba zato, in ka tsaya ba daidai ba ya share ƙafarka ka faɗi. A nan ne ɗimbin wasannin da suka yi ke amfani, shi ya sa ake ɗaukar su aikin koyarwa har Turai da Amurka da Singafo.

Mutumin unguwarku ban ce ka guje shi ba. Ka tambaye shi sunan sansanin da ya zauna, domin a wannan wasan sansani kamar zuri'a yake, har sunansa 'yan wasa ke ɗauka: Buakaw da Por Pramuk aka san shi kafin ya bar gidan a 2012. Sannan ka je ka zauna ka kalli darasi guda kafin ka biya. In ya haɗa sababbin yara su daki kan juna da ƙarfi don a ga jarumi, tashi ka tafi. Ƙwararrun Tailan a wajen gwaji taɓa juna kawai suke yi cikin raha, saboda jikinsu ne jarinsu kuma wasa na gaba ba nisa. In kuwa ka ga ya ɓata minti 20 yana gyara wa yaro tsayuwa da taku, wannan ya zauna gaban malami.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 9 ya matsa sai ya koyi wannan damben. In bar shi? (Wata uwa daga Maraɗi)

AMSA: Hajiya, ki bar shi ya yi gudu da tsallen igiya da dukan buhu, za su ƙara masa lafiya da natsuwa. Karawa ta gaske ce ban yarda da ita ba a shekarunsa. A Nuwamban 2018 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu a lardin Samut Prakan bayan dukan da ya sha a ka a fage, kuma likitocin ƙasar sun daɗe suna kukan illar da bugun kai ke yi wa ƙwaƙwalwar yara. Talauci ne ke tura yaran Isan, naki ba abin da ya tilasta shi. Ki gaya wa mai koyarwar tun ranar farko cewa ba a taɓa kan yaron, kuma ke ko babansa wani ya riƙa leƙawa wajen ba tare da sanarwa ba.